Kosmos a tsakar gida: littafin aikin damina ɗaya a Zariya

26 ga Mayu

Irin furen kosmos kala biyu ne a hannu. Na farko shi ne mai ruwan goro da ruwan ɗorawa, wanda masana tsirrai ke kira Cosmos sulphureus. Shi ne wanda ake gani ya fito da kansa a bakin hanya da harabar makarantu in damina ta yi nisa, kuma a irin wurin na tsinko shi bara da kaka. Na biyu shi ne mai fari da ruwan hoda da ja, Cosmos bipinnatus, samfurin Sensation, fakiti ɗaya a kan N2,000. Ganyen na biyu siriri ne kamar zare, na farko kuwa ganyensa ya fi faɗi. Ko a ƙwayar iri ana bambance su: na ruwan goro dogo ne mai tsini, ya kusa santimita 2, na ruwan hoda gajere ne mai ɗan lanƙwasa.

Dukansu asalinsu ƙasar Meziko ne, dangin furen rana ne. Wani malamin tsirrai a Madrid, Antonio José Cavanilles, shi ya raɗa musu sunan a 1791. Abin da ya shafi aikina a wannan tarihin ɗaya ne: tsiro ne da ya saba da ƙasa marar maiƙo da rana mai yawa. Don haka zan gwada abin da ake yawan faɗa, cewa taki ɓata shi yake yi. Fangali biyu, kowanne mita 3 tsawo, mita 1 faɗi. Na ɗaya zai sha taki, na biyu ba zai ga ko ƙwaya ba. Sai tsofaffin bokitai 6 don a ga yadda yake yi a mazubi.

Na auna rana a wurin: tana sauka daga ƙarfe 9 na safe zuwa 4 na yamma. Awa 6 shi ne mafi ƙarancin abin da yake bukata, wannan ya wadatar.

2 ga Yuni

An gyara fangali. Ƙasar gidan ja ce mai yumɓu, irin wadda in ruwa ya duka ta bushe sai ta yi ɓawo. An kafce ta da fartanya zurfin santimita 20, an tsince duwatsu da guntayen bulo, an ɗaga kowane fangali santimita 15 sama da tsakar gida don kada ruwa ya kwanta.

Fangali na ɗaya: bokiti 4 na kashin awaki da ya ruɓe, da gwangwanin madara ɗaya na kamfa 15-15-15. Fangali na biyu, wanda ke gindin katangar kudu: baro 2 na yashi kawai. Bokitai: kashi 2 ƙasa, kashi 1 yashi, huda 5 a gindin kowanne.

Kuɗi: yashi baro 3 N3,000, kashin awaki N1,500, kamfa N500, lebura N4,000.

Na kuma sa gwajin iri. Ƙwaya 20 daga kowanne a cikin tsumma mai laima, a roba mai murfi, a inuwa.

6 ga Yuni

Na ruwan goro 17 cikin 20 sun fasa. Na fakiti 11 kacal. Irin kosmos yana rage ƙarfi in ya daɗe a zafi, kuma fakitin da ya yi bazara a kanta ba abin mamaki ba ne ya yi haka. Zan zuba 3 a rami ga na ruwan goro, 4 ga na ruwan hoda.

9 ga Yuni

An yi ruwa mai kyau daren jiya, laima ta kai tsawon yatsa. Na shuka da safe. Layi biyu a kowane fangali, santimita 40 tsakanin layi, santimita 35 tsakanin rami, rami 8 a layi. Layi ɗaya ruwan goro, ɗaya ruwan hoda. Zurfin rami rabin santimita, wato a ɗora irin a yayyafa ƙasa ta rufe shi kawai. Wanda ya saba shukar masara hannunsa zai kai gaɓar yatsa, kuma wannan zurfin ya isa ya binne kosmos har abada.

13 ga Yuni

Kwana 4, na ruwan goro ya fito da kunne biyu a fangali na biyu da bokitai. Na ruwan hoda ya fara leƙowa.

16 ga Yuni

Ɓarna iri uku a mako ɗaya.

Ta farko ɓawon ƙasa. A fangali na ɗaya, inda ba a zuba yashi ba, ruwan ranar 11 ya daki ƙasa, rana ta biyo ta gasa ta. Na tona rami 5 da ba su fito ba, na tarar irin ya tsira, ya lanƙwashe a ƙarƙashin ɓawon ya rasa hanyar fita. A fangali na biyu rami ɗaya ne kawai ya yi haka. Maganin mai sauƙi ne da na yi shi tun farko: a rufe ramin da tafin hannu ɗaya na yashi maimakon ƙasar wurin. Ƙaiƙayi ma yana hana ɓawo, sai dai yana kiran gara, don haka na bar shi.

Ta biyu tururuwa. Akwai gidanta a kusurwar katanga, ta kwashe irin rami 3 na ƙarshen layi tas. Na ga layinta da idona tana jan ƙwayar irin da ta fi ta tsawo. Na zagaye bakin fangalin da toka, amma toka aikinta na ƙarewa da zarar ta jiƙe, sai an sake bayan kowane ruwa.

Ta uku ita ce mafi muni: kaji. Sun shigo da hantsi suka yi tono a fangali na ɗaya, don takin ya tara tsutsa da ƙwari. Rami 4 sun tafi. Ba su kula fangali na biyu ba sam, babu abin da za su ci a cikin yashi. Na sayi ragar waya mita 10 a kan N9,000, tsayin mita 1, na zagaye duka biyun. Kuɗin ya fi na irin sau huɗu da rabi, amma gidan da ke da kaji ko awaki ba shi da zaɓi. Ƙadangaru raga ba ta tsare su, suna tsinke kan tsiro mai kunne biyu nan da can, sai dai da zarar ganye na gaskiya ya fito sun daina.

18 ga Yuni

Na sake shuka ramuka 13 da suka ɓaci, da yashi a kai.

27 ga Yuni

Ragi. Tsirran farko sun kai santimita 8 zuwa 10, da ganyen gaskiya jeri biyu. Na bar ɗaya mafi kauri a kowane rami. Sauran da almakashi na yanke su daidai ƙasa, don in an tumɓuke ana girgiza saiwar wanda za a bari. Mutum yana jin nauyin yanke lafiyayyen tsiro, amma uku a rami ɗaya kowanne zai miƙe siriri yana neman rana, iskar farko ta kwantar da su gaba ɗaya.

Guda 6 na ciro da ƙasarsu da cokali da yamma na dasa a ramukan da har yanzu babu komai. Na kifa musu tsohon kwando kwana 2. Biyar sun kama. Kosmos yana karɓar dashe matuƙar bai wuce santimita 10 ba. Wanda ya fi haka yakan yi yaushi ya daɗe bai farfaɗo ba.

4 ga Yuli

Tsinke kai. Tsirran sun kai santimita 25, ganye jeri 4. Da farce ake tsinke kan, santimita 5 zuwa 7, daidai saman jeri na uku. Dalili kuwa: muddin kan yana nan, shi ke hana idanun da ke hammatar ganye tashi. In an cire shi, kowane ido ya zama reshe, kowane reshe ya ɗauki nasa furanni.

A nan wurinmu wannan aikin ya fi muhimmanci fiye da a ƙasashen da ake buga fakitin. Kosmos yana saurin yin fure in yini gajere ne. A Turai da arewacin Amurka yinin rani yana kai awa 15 zuwa 16, tsiron yana samun lokacin yin jiki kafin ya ƙulla. Zariya tana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, yini mafi tsawo, na Yuni, bai kai awa 13 ba, na Disamba kuma kusan awa 11 da rabi. Ke nan a wajen kosmos kusan kullum yininmu gajere ne. In an ƙyale shi sai ya miƙe sanda ɗaya, ya ɗora fure a kai tun yana ƙarami.

Na tsinke rabin kowane layi, na bar rabi don kwatanci. Kawunan da na tsinke guda 8 na soka a jiƙaƙƙen yashi a inuwa.

9 ga Yuli

Noman ciyawa da hannu. An sake toka.

14 ga Yuli

Kwana 35 da shuka, bambanci ya fito fili. Fangali na ɗaya santimita 70, ganye kore shar, kara mai kauri amma mai ruwa-ruwa, in ka matsa da yatsa sai ya lotsa. Fangali na biyu santimita 40 zuwa 45, koren ya fi haske, karan siriri amma da tauri. Duk wanda ya shigo gidan na ɗaya yake yabawa. Sai dai na duba kawunan da ba a tsinke ba: a na biyu 6 cikin 8 sun ƙulla, a na ɗaya ko ɗaya.

Kawunan da na soka a yashi, 5 cikin 8 sun yi saiwa cikin kwana 10. Hanya ce ta ƙara yawan launin da mutum ke so ba tare da sabon iri ba.

24 ga Yuli

Furen farko, ruwan goro, fangali na biyu, kwana 45 da shuka. Faɗinsa santimita 5. Abin da ido ke ɗauka fure ɗaya tarin furanni ne: kunnuwa 8 na gefe talla ce ga ƙwari, ba sa yin iri. Ƙananan da suka cunkushe a tsakiya su ne masu haihuwa.

28 ga Yuli

Na ruwan hoda ya buɗe, faɗin santimita 8. Ƙudan zuma sun fara zuwa tun ƙarfe 7.

31 ga Yuli

Hadari ya taso daga gabas da la'asar, iskar da ke gabansa ta yi minti 20 kafin ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Da safe fangali na ɗaya a kwance yake. Cikin tsirrai 16, guda 11 sun kwanta, 3 sun karye daga gindi. Tsayinsu ya riga ya kai mita 1.2, ganye ya yi nauyi da ruwa, saiwar kosmos kuma ba ta nisa, ƙasar da ta sha taki ta yi laushi ba ta riƙe komai ba. Akwai wata karayar ta daban da ya kamata a sani: manyan rassan ƙasa suna tsagewa daga jikin uwar kara a daidai mahaɗa, don wurin ba shi da ƙarfi. Na ƙirga rassa 9 da suka tsage haka. A fangali na biyu 2 kawai suka karkata, babu wanda ya karye.

Kuskuren nawa ne, tun suna santimita 50 ya kamata a kafa musu madogara. Abin da na yi yau: gora 20 masu tsawon mita 1.5 a kan N3,500, igiya N700. Ban ɗaure kowane tsiro da sandarsa ba, aikin zai yi yawa kuma ba ya kare rassa. Na kafa gora a kusurwoyi da kowace mita ɗaya a gefe, na zagaya igiya a tsayin santimita 40, na sake a 80, sannan na gitta ta tsakiya kamar saƙar gado. Tsirran suna tashi ta cikin ramukan saƙar, kowane reshe yana da abin jingina. Na tura ƙasa a gindin kowanne kamar yadda ake wa gyaɗa.

Waɗanda suka kwanta, a ɗaga su cikin yini ɗaya. In suka kwana biyu kansu zai lanƙwaso sama neman rana, karan kuma ya fara fitar da saiwa inda ya taɓa ƙasa. Daga nan ɗagawa karyawa ce. Guda 2 da na ga sun riga sun lanƙwashe na bar su a kwance na rufe tsakiyar karan da ƙasa.

6 ga Agusta

Waɗanda aka tsinke wa kai sun fara fure, kwana 13 bayan 'yan'uwansu. Kowanne da rassa 5 zuwa 7. Jinkirin ya biya kansa.

11 ga Agusta

Marka. Kwana 5 ba a ga rana sosai ba. Bokitai 3 cikin 6 sun lalace: ganyen ƙasa ya yi ɗorawa, tsiron ya yi yaushi alhali ƙasar jiƙe take sharkaf. Wannan yaushin yana ruɗar mutum ya ƙara ruwa. Na zazzage ɗaya, saiwar ta yi baƙi tana wari, ruwa ya taru a gindi. Hudar tana nan, amma bokitin a kan siminti yake zaune daram, laka ta toshe ƙofar. Sauran ukun da na ɗora bisa bulo tun farko lafiyarsu ƙalau. Na ƙara huda 4 a gefen kowanne, santimita 2 daga gindi, da ƙusa mai zafi. Hudar gefe ba ta toshewa kamar ta ƙasa.

Fangali biyun ba su tara ruwa ba, ɗagawar santimita 15 ta yi aikinta.

16 ga Agusta

Darɓa ta sauka a fangali na ɗaya. Ta taru a sabon toho da wuyan furen da bai buɗe ba, ganye ya nannaɗe, hannu na manne wa. Cinnaku na hawa da sauka a karan, su ke kiwonta don zaƙin da take fitarwa, kuma ganinsu a kan tsiro alama ce tun kafin a ga darɓar. Toho mai laushi da taki ya haifar shi take so. A fangali na biyu tsiro 2 ne kawai na ga tana kai.

Magani: 'ya'yan darbejiya busassu, a ɓare, a daka gram 50, a jiƙa a lita 1 na ruwa ya kwana, a tace da ƙyalle, a narka ɗan sabulun sanda kamar girman ƙwayar gyaɗa don ya kama ganye. Fesawa bayan la'asar sakaliya, lokacin da ƙudan zuma suka tafi, a kuma bi ƙarƙashin ganye. Ba na fesa kan buɗaɗɗen fure. Garin sabulun wanki bai dace ba, na gwada a reshe ɗaya, washegari bakin ganyen ya ƙone. Kawunan da darɓa ta cika ƙwarai na yanke na binne. Sabulu N300.

20 ga Agusta

Feshi na biyu. Darɓa ta ragu sosai. Jajayen ƙwarin nan masu ɗigon baƙi a baya sun bayyana, su ke cin ta, don haka ba zan ƙara na uku ba.

25 ga Agusta

Ƙidayar furannin da ke buɗe da ƙarfe 8 na safe: fangali na biyu 212, na ɗaya 58. Na ɗaya ya kai mita 1.7, daji ne na ganye, furannin can sama jefi-jefi. Na biyu mita 1 zuwa 1.1, fure ya rufe shi. Ko an cire tsirrai 3 da iska ta karya, ratar ba ta rufuwa. Sinadarin da ke sa masara ta yi kore, wanda ya cika a yuriya da kashin dabbobi, shi ne ke sa kosmos ya yi ta ganye ya manta da fure. Gwajin ya amsa tambayarsa. Wanda ƙasarsa ta riga ta yi maiƙo, misali tsohon turke ko inda ake zubar da shara, yashi zai ƙara mata, ko ya kai kosmos wani wuri ya ba alayyafo wannan.

Cire matattun furanni kowane kwana 2. Ba kan kaɗai ake tsinkewa ba, a bi sandar furen har inda ta haɗu da ganye a yanke a nan, daga wurin sabbin rassa biyu za su fito. In aka bar shi ya ƙulla iri, tsiron yana ɗaukar aikinsa ya ƙare. Sabon hannu yakan rikita ƙullin da bai buɗe ba da wanda ya gama: mai zuwa zagayayye ne kamar maɓalli, wanda ya gama dogo ne mai tsini.

29 ga Agusta

Gwajin yanka don ado a ɗaki. Wanda aka yanka ya buɗe sarai, kwana 2 zuwa 3 ya zube, don ƙudan zuma sun riga sun gama da shi. Wanda aka yanka da sassafe yana fara tsagewa, launi ya leƙo amma kunnuwa ba su shimfiɗe ba, ya yi kwana 5 zuwa 6. A cire ganyen da zai nutse, a canja ruwa kullum. Na ruwan hoda ya fi na ruwan goro daɗewa a kwalba.

3 ga Satumba

Na tumɓuke rabin fangali na ɗaya, na kwashe ƙasar sama santimita 10, na cika da sauran yashin baro ɗaya, na shuka zagaye na biyu, rami 8. Ina son ganin abin da raguwar yini za ta yi.

14 ga Satumba

Tara iri. Tun 20 ga Agusta na ɗaura jan zare a tsirrai 4 mafi kyau na daina cire musu fure. Daga zubewar kunnuwa zuwa nunar iri mako 3 zuwa 4 ne. Alamar nuna: ƙwayoyin sun yi baƙi-baƙi sun baje kamar tauraro, in ka taɓa su zubo a tafin hannu. Na ruwan goro ba ya jira, yini ɗaya ka makara ya watse ƙasa, don haka kullum da hantsi bayan raɓa ta bushe nake zagayawa da kwano.

A wannan watan laima ita ce matsala. Kason farko na zuba a leda da wuri, kwana 4 fumfuna ta kama shi, na zubar. Yanzu a kan faifai nake bajewa a ɗaki mai iska kwana 10, sai ƙwayar ta karye ƙas in an lanƙwasa, sannan ambulan takarda, a rubuta launi da kwanan wata.

Irin na ruwan hoda ba zai dawo da launin uwarsa daidai ba, ƙudan zuma sun gauraya fari da ja da hoda. Tsakanin na ruwan goro da na ruwan hoda kuwa babu gauraya, jinsi biyu ne daban.

Abin lura: na ruwan goro yana zama ciyawa. Tuni ƙananansa suka cika bakin fangali har cikin tsagar siminti. Busassun kawuna kada a zuba su a juji da za a kai gona.

22 ga Satumba

Furen ruwan goro ya yi yawa har na gwada rini da shi, abin da mutanen ƙasarsa ta asali suka daɗe suna yi. Fure gram 200, ruwa lita 2, wuta kaɗan minti 40 ba tare da ya tafasa ba, don tafasa na mayar da launin ƙasa-ƙasa. Farin ƙyallen auduga na fara jiƙa shi a ruwan bagaruwa ya kwana, sannan a ruwan alif, don auduga ba ta riƙe irin wannan launin ita kaɗai. Ya fito ruwan goro mai haske. Na raba ruwan biyu: wanda na jefa wa ɗan kanwa ya koma ja-ja, wanda na matsa wa lemon tsami ya koma ɗorawa. Alif da bagaruwa N600. Furen ruwan hoda bai ba da abin kirki ba.

5 ga Oktoba

Zagaye na biyu ya ƙulla yana da kwana 32, tsayinsa santimita 30 kacal. Na Yuni a waɗannan kwanakin bai fara ba. Yini ya sauko ƙasa da awa 12 yanzu. Na makara wajen tsinke kai, guda 3 kawai na samu kafin su ƙulla. Shukar ƙarshen damina a tsinke ta tun tana santimita 15, a kuma matso da ramuka zuwa santimita 25, tunda ba za ta yi faɗi ba.

12 ga Oktoba

Farar ƙura a ganyen layin ciki na fangali na biyu, kamar an barbaɗa gari. Fumfunar ganye ce, tana son rana mai ɗumi, dare mai raɓa, da wurin da iska ba ta ratsawa. Akwai kuma abin da ban lissafa ba a Mayu. Lokacin da na auna wurin, rana tana bi ta arewa da tsakar ka, katangar kudu ba ta jefa inuwa a fangalin. Tun ƙarshen Agusta rana ta koma kudu, yanzu da azahar inuwar katangar mai mita 2 ta kai santimita 70, ta rufe gindin layin ciki. Wanda zai yi fangali kusa da katanga ya tuna inuwar Oktoba daban take da ta Mayu.

Na cire ganyen da ya kamu, na tumɓuke 3 da suka fi lalacewa don iska ta samu hanya. Ban yi feshi ba, tsirran sun tsufa, ba su cancanci kuɗin magani ba.

21 ga Oktoba

Ruwa ya ɗauke tun 10 ga wata. Daga ranar 14 nake ban ruwa, jarka 2 kowane kwana 3, a gindi, da safe. Kafin a zuba a tura yatsa, in akwai laima a gaɓa ta biyu a bari. Fara ta fara cin kunnuwan fure, da hannu nake kamawa da sassafe kafin jikinta ya yi ɗumi.

2 ga Nuwamba

Na tumɓuke duk shukar Yuni. Ta yi fure daga 24 ga Yuli zuwa ƙarshen Oktoba, mako 14. Zagaye na biyu yana ci gaba, gajere, santimita 50, amma launinsa ya fi na damina kaifi.

Ruwa jarka 14, kowace a kan N150, N2,100. Jimillar kuɗin da aka kashe N27,200. Raga da gora N12,500 ne a ciki, kuma za su sake aiki. Irin da aka tara: ruwan goro gram 60, ruwan hoda gram 22.

Shiri na gaba: shukar rani ranar 15 ga Nuwamba a fangali na ɗaya, wanda katanga ba ta taɓawa, bayan an ƙara masa yashi baro 2. Rami 24, santimita 25 tsakani, yashi a kan kowane rami, tsinke kai a santimita 15, zana a gefen arewa maso gabas saboda iskar hunturu. Fangali na biyu zai huta har damina, sannan a ja shi mita 1 daga katanga. Gwajin irin da na tara zai shiga tsumma ranar 8.